Koren Ruwan da Solange Ta Kawo

Shekara shida ke nan Odile tana jinyar mahaifinta, Fernand, tun ranar da ciwon zuciya ya kayar da shi a bakin gonarsa ta ciyawar alfalfa. Ita ke dafa masa abinci marar gishiri, ita ke yanke masa farce, ita ke miƙa masa ƙwayar hana daskarewar jini kowace yamma. Ko sannu bai taɓa ce mata ba.

Ƙanwarta Solange kuwa a birnin Reims take, sai ta bushi iska take leƙowa. Wata Lahadi cikin watan Mayu ta iso da ɗan injin markaɗe. Ta shiga gonar, wadda yanzu maƙwabci ke nomawa, ta tsinko ɗanyen ganye, ta markaɗa da tuffa da lemon tsami.

"Baba, sha ka ji. A birni yanzu kowa shi yake sha."

"Shekara arba'in ina noma wa shanu wannan ciyawa, yau ni za a ɗura wa?" Yana dariya ya shanye, har da lasar leɓe.

"Saura a kawo maka dusa," in ji Odile.

"Kai, Yaya! Ke dai ba a iya miki."

Daga nan Solange ta riƙa zuwa duk mako, tana cika firji da kwalabe. Kofi biyu tsohon ke sha kullum. Wata safiya Odile ta je sayen burodi, mai shagon ta ce mata, "Ashe ƙanwarki ta tayar da Fernand? Jiya ya ce tunda ya kwanta babu wanda ya kula da shi kamar autarsa." Odile ta yi yaƙe, ta matse burodin a hammata har ya karye kafin ta kai gida.

Mako huɗu bayan nan Madam Collet, nas ɗin da ke zuwa auna jininsa, ta dubi sakamako ta ɗaure fuska.

"Maganin ba ya aiki yadda ya kamata. Me ya canza a cimarsa?"

Odile ta buɗe firji, ta nuna mata kwalaben.

"Alfalfa? Haba! Ganyen nan yana ɗauke da sinadarin da ke karya ƙarfin ƙwayarsa. Mai irin ciwonsa jini na iya daskare masa. A daina yau, bari in kira likita."

Kafin tsoro ya zo wa Odile, daɗi ne ya fara zuwa. Ta ji kunyar kanta, amma kunyar ba ta hana ta ɗaukar waya ba.

"Solange, ruwan ciyawarki ya kusa kashe Baba. Na ce bari ki sani."

La'asar ba ta yi ba sai ga Solange, ido ya kumbura. Ta durƙusa gaban kujerarsa tana kuka. Fernand ya dafa kanta.

"Yi shiru, 'yar nan, alheri kika nufa." Sai ya juyo wajen Odile. "Ke da magunguna ke hannunki, me ya hana ki tambayi likita tun farko?"

Odile ta miƙe tsaye. Gaskiya tun makon farko abin ya ɗarsu a ranta, ta yi shiru don kada a ce baƙin ciki take yi. Ta fice ta tsaya jikin katanga. Solange ta biyo ta.

"Yaya, kin gaji. Ki tafi wurin Inna Berthe ki huta mako guda, ni zan zauna da shi."

"Ke? Ko inda tawul ɗinsa yake ba ki sani ba."

"Sai ki nuna mini."

Ta tafi ɗin, bayan likita ya sake auna jinin ya ce ya fara daidaita. Sau uku take buga waya a rana, tana jiran a ce an ƙona abinci ko an manta ƙwaya. Ran kwana na huɗu Fernand ne da kansa ya ɗauka, ana jiyo dariyar Solange a bayansa.

"Lafiya lau muke, Odile. Yi zamanki, ki ƙara ma wani makon."

Washegari da sassafe ta haɗa jakarta ta kamo jirgin ƙasa zuwa gida.