Takardar Shaidar Sallau Direba

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu kunyarsa ba ta sake ni ba. Ni dai shagon buga takardu gare ni a bakin sakatariya, kuma ina da wata ɗabi'a: in zan rubuta wa mutum wasiƙa da Turanci, sai in buɗe littafin kalmomi masu kama da juna, in zaɓi wadda ta fi tsawo, don a san an zo wurin masu ilimi. Haka na yi wa maƙwabcina Sallau jiya da rana, da ya nemi takardar shaida don neman aikin tuƙa motar 'yan makaranta. Wata bakwai ke nan yana zaune ba aiki, kuma ba ya karanta Turanci.

A mafarkin, sai ga ni a wani gari inda ruwan sama yake tashi daga ƙasa ya nufi sama. Kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ni ma na yi yadda suka yi.

Sai ga mu a ofis. Wata akuya mai tabarau ce a kan kujera, Sallau yana tsaye gabanta da wankakkiyar rigarsa.

"Kai ka rubuta wannan?" in ji akuyar.

"Ni ne, Hajiya."

Ta yage bakin ambulan ɗin takardar shaidar da haƙori, ta zazzage. Mutum biyu suka faɗo kan tebur, suka miƙe suna kaɗe riga. Na farkon yana juyowa, duk ma'aikatan ofishin suka ɓoye wayoyinsu a aljihu.

"Wannan sunansa Notorious," in ji akuyar. "Ka san shi?"

"Ai shi ne Famous, Hajiya. Layi ɗaya suke a littafi."

"Gida ɗaya suke, ba mutum ɗaya ba. Wancan an san shi da alheri, wannan an san shi da tsiya."

Ta taga na hango Famous ɗin yana wucewa cikin farin yadi, mutane suna ta gaishe shi. Gajere ne ƙwarai. Shi ya sa ban ɗauke shi ba.

Na biyun ko sallama bai yi ba, ya fizgi makullin mota daga hannun Sallau ya fita a guje ta bango.

"Wannan kuma Reckless," in ji akuyar. "Me ka so ka ce?"

"Cewa Sallau jarumi ne, ba ya tsoron hanya."

"Wannan Brave kake nufi. Shi wanda ya fita ɗin ɗan ganganci ne. Me ya sa ka zaɓe shi?"

Na ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ya fi tsawo."

Ta ɗauko tef ɗin tela ta auna kalmar, ta gyaɗa kai ta ce lallai ya fi tsawo. Zufa ta keto mini, ita ma ta tashi sama ta jiƙa silin.

Sai ga mu a ƙofar makaranta. Motar tana tsaye, Sallau yana kan sitiyari, mutanen nan biyu sun zauna a kafaɗunsa, ɗaya dama ɗaya hagu. Iyaye suna ta sauke 'ya'yansu ta taga. Na yi ta ihu cewa shekara ashirin mutumin nan yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Amma duk abin da na faɗa sai ya fito da tsawo, ya naɗe mini a ƙafa, ba wanda ya ji.

Abin da ya fi ci mini rai, Sallau bai yi fushi ba. Leƙowa ya yi yana murmushi.

"Malam, ka ga yadda ake kallona? Allah ya ƙara ilimi."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Na nemi inda zan ɓoye fuskata, na tarar na bar ta a shago.

Akuyar ta dawo, ta buga hatimi a goshin Sallau, ta cinye takardar, ta ce, "Na gaba."

Kukan kaza ne ya tashe ni. Gari ya waye sosai. Na fito tsakar gida na tarar da Sallau da wankakkiyar rigar nan, riƙe da kaza an ɗaure mata ƙafa.

"Malam, ga wannan a yi wa yara miya, ba yawa," in ji shi. "Takardar kuwa tun da sassafe na miƙa ta. Shugabar makarantar sau biyu ta karanta, tana karantawa tana kallona."