Hamsin Mai Taga

Hajiya Mahfuza ba ta taɓa karɓar jabun kuɗi ba, kuma ba ta gajiya da faɗar haka. Mahaifinta ɗan canji ne a Wapa ta Kano, tun tana firamare yake miƙa mata takardar kuɗi ya ce ta rufe ido ta shafa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zuwa Dubai sarin abaya da turare, babu takardar dirhamin da yatsunta ba su sani ba.

A tsakiyar Disamban 2021 ta shiga shagon Abdul Majid a Deira, wani dattijo ɗan Kerala ta Indiya da take sayen turaren wuta a wajensa. Ya ɗaure mata kaya, ya ba ta canji. Ta kai bakin titi ke nan sai yatsanta ya ji baƙon abu. Ta zaro wata takardar dirhami hamsin daga cikin canjin ta duba. Santsi gare ta kamar ledar burodi. Ta ɗaga ta sama tana neman kan shahon da ke ɓoye a jikin kowace dirhami ta gaske, sai ta hango motocin titi tarwai ta wata 'yar taga da ke jikinta.

Ta koma a fusace, ta ajiye takardar a kan kantar shagon.

"Ni za ka ba wannan? Ni?"

"Orijinal, madam! Jadid, jadid!" in ji Abdul Majid, yana ɗaga hannuwa, wai sabuwa ce.

Ba ta tsaya sauraron jadid ɗinsa ba. Ta ɗauke takardar, ta ce za ta dawo da shaida, ta tari tasi zuwa Port Saeed, inda Zaituna ƙanwar mijinta take aiki a wani ofishin canji.

Zaituna na ganin takardar ta kifa kai a tebur tana dariya.

"Yaya, sabuwa ce! Sati ɗaya ke nan da fitowarta. Ta leda ce, irin naira ashirin ɗinmu."

"Naira ashirin daban. Tun yaushe Larabawa suka koma leda?"

Zaituna ta jawo ta kusa da fitila. Ta nuna mata tagar, ta ce da gangan aka yi ta, kuma ita ce ta fi ba masu jabu wahala. Ta karkata takardar, wani tambari ya sauya launi. Ta kama yatsan Hajiya ta ɗora a gefe, inda aka yi ɗigo-ɗigo masu tudu saboda makafi. Hajiya ta shafa, ta sake shafawa.

"Na zage bawan Allah tas a gaban mutane," ta ce a hankali.

"To sai ki koma, Yaya."

Ta koma bayan la'asar. Ta haɗa ɗan Larabcinta da ɗan Turancinta ta ba shi haƙuri. Abdul Majid ya ce khalas, ba komai, ita ce ta huɗu da ta kawo wannan ƙorafi tun safe, na biyun ma har 'yan sanda ya ce zai kira. Ya jawo mata kujera, ya sa aka kawo shayin karak.

Ba ta kai rabin kofi ba wani dogon mutum mai rawani ya faɗo shagon yana kaɗa takarda a sama. Alhaji Sanda ne, ɗan kasuwar Maraɗi da suka sha haɗuwa a wajen kargo.

"Yawwa Hajiya, gara da na same ki! Dubi abin da mutumin nan ya ba ni. Fo ne, wallahi jabu ne!"

Abdul Majid ya kalle ta da idon neman ceto. Hajiya ta ajiye kofi, ta gyara mayafi, ta karɓi takardar da yatsu biyu.

"Haba Alhaji, babba da kai? Duk garin nan wa bai san sabuwar hamsin ba? Matso kusa da haske in nuna maka."

Ta nuna masa tagar, ta karkata tambarin, ta sa ya shafa ɗigon makafi da kansa. Alhaji Sanda ya jinjina kai, ya ce lallai ilimi baiwa ce. Abdul Majid kuwa ya juya baya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu ya haɗiye dariyar, sai ya leƙa waje ya ce a ƙaro shayi ɗaya.