Kifi Ɗaya Kafin Lahadi

A wani ƙauye na bakin teku a tsibirin Fyn akwai wani dattijo mai suna Ejvind, da matarsa Bodil, da jikarsu Thyra 'yar shekara tara, wadda ke zuwar musu kowane ƙarshen mako. Gidan bai rasa komai ba. Ga itacen hura wuta, ga dankali, ga sandunan fatsa har shida a jingine bayan ƙofa. Kifi ne kawai babu. Tun da ganyaye suka fara zuba Ejvind bai shigo da ko ƙaya ɗaya ba, ga shi watan Nuwamba ya kusa ƙarewa.

Kullum da safe sai ya sa wandon ulu biyu da rigar sanyi uku, sannan ya zura dogon wandon roba mai haɗe da takalmi wanda ke kai masa har ƙirji, ya shiga ruwa ya yi ta jefa fatsa. Ita kuwa Bodil tana cikin tsofaffin mata biyar masu wankan teku komai sanyi. Daga su sai kayan wanka da hular ulu.

Ranar Juma'a ana cin abinci Ejvind ya tsokano magana.

"Ku ne kuke korar min kifi. Wane kifi zai zauna ya sha ihun ƙawarki Gudrun?"

"Kai dai ya hango, tsoho," in ji Bodil. "Ya ɗauka buhun dankali ne ya faɗo daga jirgi."

"Ku bar min bakin ruwan kwana ɗaya ki gani."

"Mu bar maka har sanyi ya wuce ma, in ka ɗora kifi ɗaya a teburin nan kafin Lahadi. In ba ka kawo ba, Lahadi da safe ka biyo mu wanka. Ba wandon roba."

Da yake Thyra na kallonsa, sai ya ce ya yarda. Ta san Morfar, wato kakanta. Mutum ne da sai ya gasa safarsa a jikin murhu kafin ya sa, ruwan famfo ma sai ya sirka shi kafin ya wanke hannu.

Asabar da safe ta bi matan don ta riƙe musu tawul. Suna cikin ruwa suna ihu, sai ta ji Gudrun ta ƙwala wa Mormor, wato kakarta, kira.

"Bodil! Kada ki bi ta bayan dutsen can, ruwan wurin kamar miya yake!"

Da suka fito, Thyra ta miƙa wa Gudrun tawul ta ce, "Me ya sa kamar miya?"

"Ba zurfi, 'yata, kuma ƙasan baƙin taɓo ne. Rana na ɗan leƙowa sai ya ɗumama. Wurin wankan ragwaye ke nan."

Sai Thyra ta tuna wani abu. Morfar ya sha gaya mata cewa in teku ta yi sanyi, ƙananan kifaye ɗumi suke bi, manya kuma su bi ƙanana. Ta zube sauran tawul ɗin a kan gadar katakon da matan ke sauka ruwa ta kanta ta zura da gudu.

"Shekara arba'in ina wannan sana'a," in ji Ejvind da ta gaya masa, "yau kuma ƙafar Gudrun ce za ta nuna min wurin kifi?" Ya yi tsaki. Ya kuma naɗe zarensa ya bi ta.

A jifa na huɗu sandar ta lanƙwashe. Ejvind ya yi baya, ya yi gaba, yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Thyra na kan dutse tana tsalle tana ba shi umarnin da ita ma ba ta san ma'anarsa ba. Da ƙyar ya jawo kifin ya tare shi da homa. Ƙaton kifin nan ne da suke kira ørred, tsawon hannun mutum.

Sai murnar Ejvind ta koma ciki. Kifin ba fari ba ne mai sheƙi irin na teku. Ya rine ya yi ruwan ƙasa, cikinsa ya cika tam da ƙwai, yana hanyarsa ta hawa rafi ya zuba. Daga tsakiyar Nuwamba doka ta ce irin wannan a mayar da shi ruwa.

"Mu goge shi da soson tukunya," in ji Thyra, "ƙila ya yi fari."

"Ba datti ba ne, 'yar tsuntsuwata."

"To mu naɗe shi da takardar gasa nama mai ƙyalli. Mormor ba ta gani sosai in ba tabarau."

Ejvind ya waiga dama da hagu. Babu kowa, sai tsuntsun teku ɗaya da ya zuba musu ido. Ya dubi kifin, ya dubi ruwan da zai shiga gobe, jikinsa ya yi yar. Sannan ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya riƙe kifin cikin ruwa har ya kaɗa jela ya tafi. Ya ci gaba da jifa har rana ta yi sanyi, ko taɓa fatsar ba a sake yi ba.

A gida Thyra ta ba da shaida da dukkan ƙarfinta, har da ware hannuwa.

"Na yarda, ya kama," in ji Bodil. "Amma a teburi na ce. Kin ga kifi a teburin nan?"

Lahadi da safe rabin ƙauyen ya hallara a bakin gada, wasu har da kofi a hannu. Ejvind ya fito cikin gajeren wandon da ya saya tun yana saurayi, ƙafafunsa farare sol kamar kyandir. Ya nemi a bar masa safa, aka hana. Ya nemi a kai shi bayan dutse wurin ragwaye, Gudrun ta ce sam. Ya sauka matakala ɗaya ya ce ai ya isa haka. Mata biyar suka haɗa baki suka ƙirga uku.

Ihun da ya yi da ya faɗa ruwan sai da karnukan ƙauyen suka amsa. Ya fito ja wur yana tsalle, yana rantsuwa wai ba ya jin yatsun ƙafarsa, a ƙirga masa su. Bodil ta cire hularta ta kifa masa a ka tana dariya har da hawaye, Thyra kuma ta durƙusa ta ƙirga, ta ce goma ne cif.

A nan ne Thyra ta gane cewa Morfar na tsoron ruwan sanyi fiye da yadda ta zata, kuma ya san wannan ruwan na jiran sa lokacin da ya saki kifin.