Hotunan Najwa a Shagon Madam Arpi

Wata huɗu Sirin ta yi tana ɗaukar hoton kujeru da tukwanen fure kafin mace ta farko ta yarda ta zauna mata. Irin hoton da take son koya na ɗakin kwana ne, wanda mace kan sa a ɗauke ta da rigar barci ko mayafi kawai, ta ajiye wa kanta ko mijinta. Matar sunanta Najwa, mai kantin magani a unguwarsu, shekararta hamsin da biyu, bara aka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, kada kowa ya gani.

Da hotunan suka fito, Sirin ta san akwai abin da bai yi ba, amma ta rasa gane ko mene ne. Ranar Talata da hantsi ta yanke fuskar daga kowane hoto, ta saɓi kwamfutarta sai unguwar Burj Hammud a Beirut, shagon Madam Arpi, tsohuwar da ta shekara arba'in tana ɗaukar amare.

Madam Arpi ta zuba mata gahawa, ta ɗora hannu a kan murfin kwamfutar, ta tambaya ko mai jikin ta sani. Sirin ta ce ai babu fuska.

"Beirut ce fa, 'yata. Da zobe ake gane mace, da labulen ɗakinta. Ki kira ta, ko ki kwashe kayanki."

Sirin ta kira. Najwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi kwatancen shagon ta kashe wayar. Minti arba'in Sirin na zaune, gahawar ta huce a gabanta, tsohuwar kuwa tana goge gilashin kyamara kamar ba ta san da ita ba.

Najwa ta shigo da farar rigar aikinta. Ta gaida Madam Arpi, ba ta kalli Sirin ba, ta ja kujera ta ce a buɗe.

Tsohuwar ba ta sassauta wajen sukar hotunan ba. Hasken taga ya ƙone kafaɗa. An datse hoton daidai wuyan hannu. An matso da kyamara har gwiwa ta fi kai girma. A hoto na sha tara ta tsaya, ta koma baya, ta sake dawowa. Duk daga dama aka ɗauke su, hagun kuma ko yana cikin inuwa ko matashin kai ya tare shi. Ta tambaya wa ya sa matashin. Sirin ta ce ita ce. Mai jikin ce ta roƙa? Sirin ta girgiza kai.

Sai a lokacin Najwa ta juyo.

"Sau uku na ture shi, sau uku kika mayar. Mijina ma bango yake kallo in ina canza kaya. Na ɗauka ke da kyamara a hannu za ki iya dubawa."

Sirin ta ba da haƙuri. Najwa ta ce maganar matashi ta wuce, amma fitar da jikinta daga gida ba da saninta ba, wannan ba yau za ta yafe ba. Ta sa aka goge hotunan duka a gabanta. A bakin ƙofa ta ce a sake ɗauka Lahadi ƙarfe goma, kafin rana ta juya daga tagar.

Madam Arpi ta ara wa Sirin farin allon da ake mayar da haske da shi, ta ce ta tsaya ta hagu, kuma ta rage surutu.

Ranar Lahadi Sirin ta tsaya ta hagu. Tabon tiyatar dogo ne, ya kai har hammata. Ta daidaita haske a kansa kamar yadda za ta yi wa fuska. Najwa ta zaɓi guda biyu, ta ce a wanke mata su ƙanana. Sai da sanyi ya shigo kafin ta sake kiran Sirin da sunanta a kantin magani.