Wankin Ranar Juma'a

Magaji ya ɗora bakin sukundireba a kan tabon tsatsar, bai ma danna da ƙarfi ba, sai ta shige har ƙota. Hashimu, mai motar, ya matso ya leƙa ramin.

Tabo ɗaya fa ya kawo. Ɗan tabo a gefen akori-kurarsa, bisa tayar baya, wanda tafin hannu zai rufe. A tunaninsa Magaji, tsohon mai gyaran jikin mota na bayan tashar Tawa, zai kankare, ya liƙa ɗan ƙarfe, ya shafa mastik ɗin cike rami, ya fesa fenti, kafin sallar Juma'a an gama. Gobe ya yi lodin kantun gishiri ya kai wa makiyayan Takanamat, kamar kowane mako.

Magaji ya ajiye sukundirebar. Ya hau bayan motar ya yaye shimfiɗar robar da ke ƙasa. Wayyo, ba kyan gani. Ƙarfen ya yi jawur, ya kumbura, yana ɓarewa falle-falle. Tsohon ya sauko, ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashi da 'yar gudumarsa, yana ƙwanƙwasa shasi, ƙashin bayan motar. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake. Wannan kuwa sai dai buf, buf, jan gari na zubo masa a gemu.

Hashimu ya tsuguna a gefen motar. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bida, wato ci-rani, a Abijan saboda motar nan, yana dako a kasuwa, su takwas a ɗaki ɗaya. Ran da ya dawo, 'yarsa Sumayya ta ɓuya bayan uwarta don ba ta san shi ba. A ranar ya rantse shi da barin gida sai dai kabari. Motar ce ta riƙe masa rantsuwar.

Magaji ya fito yana kakkaɓe gemu, ya tambaye shi me yake ɗauka. Ya ce gishiri, amma ai abokin aikinsa Zubairu ma gishiri yake ɗauka, motarsa ta girmi wannan, ga ta can garau. Tsohon ya ce, "Wanke ta kake?"

Nan Hashimu ya ɗan miƙe. In dai tsabta ce, ba a kai shi ba a tashar nan. Kowace Juma'a bayan masallaci, bokiti huɗu da sabulu, lungu-lungu, sannan ya mayar da robar ya shimfiɗa lif. Direbobi har angon mota suke ce masa, suna tambayarsa yaushe za a sa mata lalle. Zubairu kuwa, ƙazamin banza, tsintsiya kawai yake bi da ita.

"To tsintsiyar ce ta cece shi," in ji Magaji. "Busasshen gishiri sharewa ake, Hashimu. Kai ka jiƙa shi, ruwa ya kai shi duk wata gaɓa, ka rufe da roba ya kasa bushewa. Shekara nawa?"

"Tara."

"Kai ka shayar da ita."

Hashimu ya roƙe shi ya gwada walda, ko Allah zai sa. Magaji ya kunna wuta don ya fita hakkinsa, ya kai ta gefen ramin. Maimakon ƙarfen ya narke ya kama, sai ya yi ta ja da baya, ramin da ke kamar tafin hannu ya zama faifai. Ya kashe wutar. Ya ce walda ƙarfe take kamawa, nan kuwa babu sauran ƙarfe, fenti ne ke riƙe da tsatsa.

Sai Hashimu ya sassauta murya, kunya na cin sa, ya ce to a cike da mastik a fesa fenti, wa zai sani?

"Malam Magaji, ka rufa mini asiri. Ko damina ɗaya."

"Zan iya sa ta yi ƙyalli yau ɗin nan," in ji tsohon. "Amma ka san hanyar Takanamat, ka san mutane bisa kaya suke zama. Ran da ta rabe biyu, har da hannuna a ciki. Ban yi."

Ya ce injin dai da sauransa, in ya yi niyya akwai masu sayen kayan tsohuwar mota.

Bayan masallaci Hashimu ya ja ta gida a hankali, yana jin kowane rami a haƙoransa. A bakin tasha ya ga babbar mota na lodin 'yan bida, samari duka, ba mai furfura ko ɗaya. Shi yana da hamsin da uku, ga baya da ke ciwo. Baƙin ciki ya kama shi, ba ma na motar ba, na wautar. Da ya yi lalaci irin na Zubairu, da yanzu yana da abin hawa.

A ƙofar gida ya tarar matarsa Rahinatu ta jera bokiti huɗu kamar kullum, ta ɗora sabulu da soso a kan na farko. Ta dubi ramin da ya ƙaru, ta dubi fuskarsa.

"Baban Sumayya, an gyara?"

Hashimu ya rufe ƙofar motar. Ya tambaye ta ko jakar nan tasa ta Abijan tana nan. Ta ce tana ƙarƙashin gado, zip ɗin ne ya lalace. Ya ce a ba tela ya duba. Rahinatu ta sunkuya za ta kwashe bokitan.

"Bar su," ya ce. "Yanzu kuma me zai ɓata?"

Ya naɗe hannun riga, ya yaye robar ya jefar gefe, ya sheƙa bokitin farko. Ruwan bai ko tsaya ba, ya bi ta ramukan ya zube ƙasa, ja.