Yawon Dajin da Yaya Zailani Ya Kai Kawu

Yayana Zailani mutum ne mai biyan kuɗi a ba shi tsoro. Tun da harkar tura kayan 'yan kasuwa gida ta karɓe shi a unguwar Al Ras ta Dubai ya tsiro da wannan hali. Ya faɗo daga jirgin sama ɗaure a ƙirjin wani Bature kamar goyo, ya zame a kan waya daga wannan dutse zuwa wancan, har keji ya shiga aka zura shi cikin ruwa don wani ƙaton kifi mai haƙora ya zo ya leƙa shi. Kowanne sai ya ɗauki bidiyo ya watsa, ya rubuta "Namijin duniya" a ƙasa. Wannan namijin duniyar kuwa, ranar da ɓera ya shiga sitonsa a kasuwar Murshid Bazaar, kan kwalaye ya hau yana kiran ma'aikatansa.

Ni Murjanatu ma'aikaciyar jinya ce a nan Dubai, kuma ni na dage aka kawo Kawu Halliru, ƙanin mahaifiyarmu. 'Yan bindiga ne suka ɗauke shi a gona, ya yi kwana hamsin da biyu a hannunsu cikin dajin bayan garinmu. Ya fito da ransa, amma ba ya magana sai an tambaye shi, ba ya cin abinci sai an ce ya ci, in ya shiga ɗaki ƙasa yake zama ya jingina da bango. Mutumin da a da in ya fara labari a ƙofar gida sai mai shayi ya manta da tukunyarsa. Ranar da zai taso, matarsa Inna Talatu ta kira ni ta ce, "Murja, ki dawo min da mijina yadda na san shi." Na ce in sha Allahu, sai ka ce abin a hannuna yake.

Likita ya ce Kawu yana bukatar hutu, da natsuwa, da shan iska. Cikin abu ukun nan, na ƙarshen kawai Yaya ya ji.

"Khalas, shi ke nan, na gama booking, na kama mana wuri," in ji shi ranar Juma'a. "Gobe za mu kai Kawu safari, yawon mota cikin Sahara. Abin da yake bukata ke nan, jini ya motsa."

"Yaya, mutumin da ya fito daga daji za ka mayar daji?"

"Haba Murja, wannan dajin VIP ne. Akwai banɗaki, akwai gasasshen nama. Raƙumi kawai zai hau a ɗauke shi hoto. Ko ba haka ba, Kawu?"

Kawu ya ce, "To." Ko wuta aka ce ya shiga a kwanakin nan, to ɗin zai ce. Na sani sarai, amma na yarda, don na gaji da ganinsa yana kallon bango. Wannan laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Washegari bayan la'asar wata jibgegiyar mota ta zo ta ɗauke mu, muka bi ayarin wasu motocin 'yan yawon. Direban ɗan Pakistan ne, a ciki kuma akwai wani Bature da matarsa, sun sha kaki mai aljihu goma-goma da malafa, kai ka ce giwa za su kamo. Yaya ma ba a bar shi a baya ba, ya naɗa jan rawani irin na Larabawa, ya ɗaura kyamara a goshi kamar maharbi. Kafin mu shiga yashi aka ba mu takarda muka sa hannu cewa in mun karye, mu muka jiyo. Aka sassauta iskar tayoyi, direba ya ce yalla, wato mu je.

Da muka bar kwalta Kawu ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo. Tuddan rairayi ne ja wur har iyakar gani, ba ko tsiron tumfafiya.

"Ina dajin?" ya tambaya a hankali.

"Shi ne wannan, Kawu," in ji Yaya.

"Allah Sarki," in ji Kawu.

Daga nan direba ya fara aikin da aka biya shi. Ya hau tudu a guje ya sako mu ta gefe, mota ta karkace har na ga yashi ta tagata. Turawa suna ihu suna dariya, Yaya yana "Ƙara wuta, habibi!" Tudu na biyar sai kiran habibi ya ɗauke, salati ya maye gurbinsa. Tudu na bakwai Yaya ya nemi ledar amai. Kawu kuwa ko gezau, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, inda mota ta jefa shi nan yake tafiya.

A tudu na ban san ko nawa ba motar ta nutse har ciki. Direba ya taka, ta ƙara binne kanta. Sauran motocin ayarinmu sun riga sun yi gaba. Muka fito, kowa ya ɗaga waya sama, babu sabis. Direba ya yi magana a rediyon motarsa, ya juyo ya ce mana da Turanci masu taimako suna zuwa a kan babura, mu ɗan jira. Kawu ba ya jin Turanci, kuma cikinmu babu wanda ya tuna ya fassara masa.

Minti ashirin kacal masu neman tsoro suka iya. Baturiyar ta fara kuka tana cewa da ma ta faɗa wa mijinta, mijin yana yi wa direba barazanar kotu. Yaya ya shanye gorar ruwa guda, ya tsiyaya rabin wata gorar a kansa, yana tambayata ko akwai kura a Dubai.

Sai Kawu ya miƙa hannu ya karɓe gorar.

"Ba a haka," ya ce. "Murfi ɗaya-ɗaya. A riƙe a baki kafin a haɗiye."

Ya tattara sauran gorunan ya tura su ƙarƙashin mota. Ya nuna wa kowa gefen da inuwa take, har Turawan, suka bi shi ba musu. Ya ce a daina surutu, yana busar da maƙogwaro. Ya ce wa Yaya ya kwance rawanin nan ya rufe wuyansa. A cikin minti biyar Kawu ya yi maganar da bai yi a wata biyu ba, muryarsa ta fito tar. Wallahi murna ta kama ni har na ji hawaye. Na ce a raina ashe haukan Yaya yana da rana, yau zan kira Inna Talatu da albishir.

Ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ki cire ɗan kunnen nan ki binne. Ki shafa ƙasa a fuska. In sun zo kada ki kalle su a ido, in sun tambaya ki ce ke matar aure ce, kina da ciki."

Na buɗe baki in yi masa bayani, sai ga ƙarar babura daga bayan tudu.

Guda huɗu ne, masu ƙafa huɗu irin na yawon yashi, suka ɓullo a jere, rana tana bayansu. Matuƙan sun rufe fuska da rawani saboda ƙura, idanu kawai ake gani. Yaya ya yi tsalle ya gyara kyamararsa, namijin duniya ya farfaɗo.

Kawu ya tashi. Ya ture ni bayan mota da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya taka zuwa gaban baburan, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Sannan ya durƙusa, ya haɗa hannuwansa biyu ya miƙa su gaba yadda za su yi sauƙin ɗauri.

"Ku bar yaran nan," ya ce. "Ni ku tafi da ni, na saba."

Baturiyar ta share hawaye ta fara tafi. Mijin ya ɗaga waya yana ɗauka, yana tambayar Yaya ko wannan ma yana cikin tsarin da suka biya, don bai gani a talla ba. Yaya kuwa bakinsa a buɗe, jar fitilar goshinsa tana ta ƙiftawa, sai da na kai hannu na fizge kyamarar na wurgar cikin yashi.

Na gaba cikin matuƙan ne ya fara kashe baburinsa. Ya ɗaga wa sauran hannu, su ma suka kashe. Ya sauke rawanin fuskarsa, ashe wani baƙin mutum ne mai furfura a gemu, daga baya na ji ɗan Sudan ne. Bai tambayi kowa me ke faruwa ba. Ya sauko ya zauna a kan yashi a gaban Kawu, ya yi masa sallama, ya sa tafukansa ya raba hannuwan nan biyu a hankali, ya mayar da kowanne kan gwiwarsa. Na durƙusa ina ta maimaita wa Kawu cewa Dubai muke, masu ciro mota ne, Dubai muke.

Kawu ya daɗe yana kallon mutumin, ya kalli motar, ya kalli Turawan da suka daina tafi. Sai ya ɗauki takalmansa ya kakkaɓe ya sa. Kunya ce na gani a fuskarsa, kuma da na ga wannan kunyar gara a ce kuka ya yi.

Aka ciro mota. Yaya ya ce ba za mu ƙarasa wurin gasasshen naman ba, a mayar da mu gida. Ya koma kujerar baya can ƙurya, har muka hau kwalta ban ji tarinsa ba. Muna shiga gari wayata ta samu sabis, kira ya shigo, sunan Inna Talatu ya fito a fuskar wayar. Kawu ya gani. Ya ɗora hannu a kan nawa kafin in ɗauka.

"Murja, kada ki gaya mata," ya ce. "Ita ta ɗauka na dawo."