Zazzaɓin Dinyar Baraka

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba annobar kaji ta shigo mana Illela, ta ɓangaren Konni, cikin kwandunan 'yan kasuwa. Kaza na kiwonta da safe, kafin azahar zankonta ya yi baƙi ta bushe. Kowa ya san abin yi: da tsuntsu ya fara layi, a sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Unguwarmu har ƙarnin jini take yi.

Ni kuwa ina da dinya. Mijina Dabo ne ya tsinto ƙwai biyu a bakin tafkin Kalmalo, na sa wa kaza ta ƙyanƙyashe, na ba maƙwabciyata Lubabatu ɗaya. Tawa ta girma, baƙa wuluk, ƙirjinta fari, da ƙaimi a kowane fiffike. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ban taɓa ɓoyewa ba, son tsuntsuwar nan nake kamar raina.

Kajina suka ƙare tas. Sai ita ma ta kwanta gindin randa, ta ƙi gero, ta ƙi ruwa. Na taɓa ƙasan fiffikenta, wallahi kamar murhu. Dabo ya fito da wuƙa.

"Baraka, kauce. Nama guda haka ki bari shi zama mushe?"

"Malam, in ka yanka ta, ka haɗa da ni."

"Ke mi ad damunki? Ko Lubabatu jiya tay yanke tata!"

Na zauna daɓas na rufe ta da zanena. Ya fita yana tsaki har zaure.

Ranar aka ce malamin dabbobi ya zo daga Sakkwato, wani siriri mai suna Mukhtari, yana zagaya gidaje da kekensa. Na aika aka kira shi. Ya durƙusa, ya buɗe mata baki, ya daɗe da hannunsa a ƙirjinta.

"Inna, ba ni da maganin wanga ciwo," in ji shi. "Amma zafin ga da kike tsoro, faɗa ne. Akwai wasu ƙananan halittu cikin jininta, ido bai ganinsu. Ba su taɓa gamuwa da ciwon ga ba, ba wanda ya koya musu, amma da shigowarshi sun san baƙo ne sun taso mishi. Kaza takan faɗi tun ba a kai ko'ina ba. Dinya wani lokaci takan kai ƙarshen faɗan."

"Za ta tashi?"

"Ban yi miki alkawari ba."

Ashe tana nan kwance shiru, ana yaƙi a cikinta, ni da Dabo muna ta haushin banza a kanta! Na riƙa ɗiga mata ruwa da tsinke, ina sa kunne a jikinta ko zan ji motsinsu. Ku yi dariya, amma haka na yi.

Dabo ya ba ni zuwa Juma'a. Da ya sauko daga masallaci ya tarar wuyanta a ƙasa, ko ni na fid da rai. Ya yi bisimilla ya kama fiffike. Kai! Sai ta zabura ta zabga masa ƙaimi a hannu, wuƙa ta yi can, jini ya tsarto. Ta miƙe tana tangaɗi, ta nufi kaskon ruwa, ta sha, ta ɗaga kai, ta sake sha.

Dabo na riƙe da hannu yana kabbara, yana dariya kamar yaro. Ni kuka nake wiwi. Mata suka cika gidan suna salati, don a duk unguwar babu sauran mai fiffike sai ita.

Lubabatu ta kutsa ta tsuguna, ta sa hannu a ƙasan fiffiken dinyar. Jikin ya huce.

"Baraka," ta ce a hankali, "tawa ma haka jikinta yay yi zafi."